Saura kwana tara jarrabawar bayoloji, fotosintesis da numfashin ƙwayar halitta sun cakuɗe mini

Hafsy_09:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Saura kwana tara mu zauna jarrabawar bayoloji, kuma babi biyu ne suka tsaya mini a wuya: yadda tsiro ke haɗa abincinsa da haske, wato fotosintesis, da numfashin ƙwayar halitta, wato yadda ake fasa sukari a saki kuzari. Na haddace lissafin nan tsaf: 6CO2 + 6H2O → C6H12O6 + 6O2. A tunanina in na juya shi baibai na samu na numfashi, shi ke nan. To a gwajin makon jiya an yi mana tambaya biyu, duka na faɗi. Ta farko, yaushe tsiro yake numfashi, na rubuta da dare. Ta biyu, daga ina oksijin ɗin da ganye ke fitarwa yake fitowa, na rubuta daga kabon dayoksaid. Ashe ɗaya ba kishiyar ɗaya ba ce? In ba haka ba ne, ta ina zan kama a ɗan lokacin da ya rage? Don Allah a taimaka.

Bash_Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Kishiya ce mana, kada ki wahalar da kanki. Ja layi a tsakiyar takarda. Hagu: kulorofilas (sashen ƙwayar halitta da ake fotosintesis a ciki), shan CO2, fitar da oksijin, tara kuzari, da rana. Dama: maitokondiriya (sashen da ake numfashi a ciki), shan oksijin, fitar da CO2, sakin kuzari, da dare. Ni da wannan teburin nake tafiya tun bara.

Malam_Bayoloji:
Bash, teburinka ya yi kyau in ban da kalmomi biyu na ƙarshe, kuma su ne dai suka kayar da Hafsy. Goge "da dare", ka sa "dare da rana".

Ku duba saiwar da ke cikin ƙasa. Ba ta ganin haske, ba ta da kulorofil, wato koren sinadarin ganye mai kama haske, amma tana girma, tana jawo ma'adinai daga ƙasa, kuma duk wannan aiki ne mai cin ATP, wato sinadarin da ke ɗauke da kuzari a ƙwayar halitta. Ina take samunsa? Daga sukarin da ganye ke aiko mata, wanda take sarrafawa a maitokondiriya ko tsakar rana ko tsakar dare. Shi ma ganyen yana da nasa maitokondiriya. Da rana ayyukan biyu tare suke tafiya, sai dai fotosintesis ya fi sauri nesa ba kusa ba, yana cinye CO2 ɗin da numfashi ya fitar har ya nemi ƙari daga iska. Wanda ke aunawa daga waje sai ya ga kamar shan CO2 kaɗai ganyen ke yi. In dare ya yi fotosintesis ya tsaya, sai numfashin da dama can yana gudana ya bayyana.

Akwai ɗan lokaci da sassafe, da kuma gab da faɗuwar rana, da saurin biyun ke yin kunnen doki: babu CO2 da ke shiga, babu wanda ke fita. Masu tsara tambaya suna son wannan gurbin ƙwarai, ku riƙe shi.

Hafsy_09:
Na gode Malam. Maganar saiwa ta zauna mini. Saura ta oksijin. CO2 yana da O2 a jikinsa a rubuce, shi ya sa na ɗauka tsiro cire kabon yake yi ya saki sauran.

Dr_Gobe:
Ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce, masana ma sun daɗe suna wannan zaton. Amma daga ruwa yake fitowa. A matakin da ke buƙatar haske, a jikin tantanin tailakoid da ke cikin kulorofilas, ana fasa ƙwayar ruwa: elektiron su tafi cike gurbin waɗanda haske ya fizge daga kulorofil, haidirojin ya taru, oksijin kuma a sake shi don ba a bukatarsa a wurin.

Wanda ya fara hango hakan shi ne Cornelis van Niel, a shekarun 1930. Ya yi nazarin wasu bakteriya da ke yin fotosintesis da H2S maimakon H2O, sai ya ga farar wuta suke bari, ba oksijin ba. Ya ce to ashe abin da ake fasawa shi ne mai ɗauke da haidirojin. A 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu a Amurka suka gwada da oksijin mai nauyi, O-18. Da suka sa shi cikin ruwa, sai ga shi a iskar da ta fito.

Shawarar da ta cece ni lokacin da nake inda kike: ki daina kallon lissafin a dunƙule, ki riƙa bin sawun kowace zarra. Kabon ɗin CO2 ina ya je? Cikin sukari. Oksijin ɗin ruwa? Iska. Haka a numfashi: oksijin ɗin da muke shaƙa ba shi ke zama CO2 ba, ruwa yake zama a can ƙarshen jerin miƙa elektiron.

Zee_Lissafi:
Dakata Yaya, ƙidayar ba ta fita ba. 6O2 zarra 12 ke nan. 6H2O kuwa zarrar oksijin 6 kacal gare shi. Ta yaya 12 za ta fito daga 6 in duka daga ruwa ne?

Dr_Gobe:
Zee, madalla da wannan ido. Lissafin da muke haddacewa taƙaitacce ne. Cikakkensa ga shi: 6CO2 + 12H2O → C6H12O6 + 6O2 + 6H2O. Ruwa 12 ake fasawa, su ba da oksijin 12. Oksijin 12 na jikin CO2 kuma, 6 su shiga sukari, 6 su koma sabon ruwa. Da aka cire ruwa 6 daga kowane ɓangare sai aka samu gajeren, wanda ya daidaita a ƙidaya amma ya ɓoye asalin abin da ya faru.

Zee_Lissafi:
Yanzu ta fita. Na rubuta a bangon littafina.

Bash_Ɗalibi:
Na karɓi gyaran dare da rana, Malam. Amma ni dai har yanzu ina ganin wannan zurfin ya yi wa mai kwana tara yawa. Ba wanda zai tambaye ta van Niel. Maki ake nema yanzu, fahimta ta biyo baya.

Anti_Nas:
Bash, ai neman makin ne ya kawo ta nan. Ta haddace, aka juya tambayar kaɗan, makin ya tafi. Sunan mutumin ba dole ba ne, amma wanda ya san labarin farar wutar nan ba zai ƙara rubuta cewa oksijin daga CO2 yake ba.

Hafsy, ni da na yi tawa jarrabawar, abin da ya fi ba ni wahala shi ne "a ina". Sai na mai da numfashi tafiya mai zango huɗu. Zango na farko gilaikolisis, a saitofilazim, wato ruwan cikin ƙwayar halitta, tun ba a shiga maitokondiriya ba: gulukos, wato sukari mai kabon 6, ya rabu gida biyu, fairubet mai kabon 3 guda 2. An kashe ATP 2, an samu 4, riba 2, ga NADH 2 (sinadari mai ɗaukar elektiron), kuma ba a nemi oksijin ba. Zango na biyu, fairubet ya shiga maitokondiriya, ya zubar da kabon ɗaya a matsayin CO2, ya zama asetil-CoA. Na uku zagayen Krebs, a ruwan tsakiyar maitokondiriya, sau 2 ga kowane gulukos. Kowane zagaye CO2 2, NADH 3, FADH2 1 (shi ma mai ɗaukar elektiron ne), ATP 1. Na huɗu jerin miƙa elektiron a tantanin ciki mai lanƙwashe-lanƙwashe, inda mafi yawan ATP ke fitowa.

Ki ƙirga kabon: 2 sun fita a zango na biyu, 4 a zagayen Krebs. Shida cif, daidai da na gulukos. In ƙidayarki ba ta ba da 6 ba, akwai abin da kika tsallake.

Sadiq_K:
Tunda an zo nan, ATP nawa ne gaba ɗaya? Littafinmu ya ce 38. Wani bidiyo da na kalla ya ce 32, wani kuma 30. Wa zan bi?

Dr_Gobe:
Duka daga ƙidaya ɗaya suke, farashin canji ne ya bambanta. Gulukos ɗaya yana ba da NADH 10, FADH2 2, da ATP 4 kai tsaye. Tsohon lissafi yana ba NADH ATP 3, FADH2 kuma 2: 30 da 4 da 4, 38 ke nan. Awon da aka yi daga baya ya nuna kusan 2.5 da 1.5 ne: 25 da 3 da 4, wato 32. Su kuma NADH 2 na gilaikolisis a wajen maitokondiriya aka same su, kuma a wasu ƙwayoyin halitta hanyar shigar da elektiron ɗinsu tana rage riba, sai a tashi da 30. Ni 30 zuwa 32 zan rubuta, don ita ce ta fi kusa da gaskiya.

Malam_Bayoloji:
A ilimi ina tare da kai, amma a ɗakin jarrabawa zan ɗan saɓa maka. Mai duba takarda da jagorar maki yake aiki, jagorar kuma manhaja take bi. Sadiq, buɗe manhajarku da littafin da aka amince muku, ka rubuta adadin da ke ciki. In tambayar ta dogon bayani ce, babu laifi ka ƙara layi ɗaya cewa ƙiyasin zamani 30 zuwa 32 ne. In ta zaɓi ce, ka zaɓi wadda ke cikin jerin.

Dr_Gobe:
Na ji Malam, kuma ka fi ni sanin ɗakin duba takardu. Abin da ke damuna kawai, yaro ya tashi da 38 a kansa kamar ba ta taɓuwa, ya je gaba sai an sha fama kafin a kankare ta.

Malam_Bayoloji:
Shi ya sa nake koya musu duka biyun tare da dalilin kowacce. Abin da ba ya canzawa shi ne tazarar: da oksijin ana samun 30 da wani abu, babu oksijin 2 tak.

Mai_Gudu_400:
Wannan 2 ɗin ni a ƙafata na san ta. A ƙarshen tseren mita 400 cinyoyi kan yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Laktik asid ne ko? Kuma shi ne ke sa ciwon jiki washegari?

Anti_Nas:
Rabin farko haka littafi ya ce: in buƙatar tsoka ta wuce abin da oksijin zai iya biya, fairubet ya koma laktet. Amfanin hakan ba ƙarin ATP ba ne, maido da NAD+ ne, wato NADH da ya sauke elektiron ɗinsa, don gilaikolisis ya ci gaba da juyawa, kuma wannan dalilin ake yawan tambaya. Hakin da kake yi bayan ka tsaya, shi ne biyan bashin oksijin. Ciwon washegari kuwa ba laktet ba ne, don jiki ya riga ya kwashe shi cikin sa'a ɗaya ko makamancin haka. Ƙananan raunuka ne a zaren tsoka.

A yis, wato abin kumbura burodi, hanyar daban ce: etanol da CO2 ake samu. A tsokar mutum babu CO2 a wannan matakin. Ɗalibai da yawa suna haɗa su.

Baban_Yara:
Ku gafarce ni, ni ba ɗalibi ba ne, ɗana ne ke shirin irin wannan jarrabawar nake bibiyar muku. Tunda tsiro na shan oksijin da dare, ashe gaskiya ne da ake cewa kada a kwana da tukunyar fure a ɗaki?

Malam_Bayoloji:
Barka da zuwa Alhaji. Yana sha, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Mutum ɗaya da ke barci a ɗakin ya fi tukwanen fure da dama shan oksijin. Babu abin tsoro.

Ummi_Lab:
Kowa na ta maganar lissafi, an manta da ɓangaren gwaji, alhali nan ne maki ke zube a ƙasa. Gwajin sitaci a ganye kusan ba ya wuce jarrabawa, kuma ba jerin matakan kawai ake so ba, dalilin kowanne ake so. A ajiye tsiro a duhu awa 24 zuwa 48 don ya cinye sitacin da ya tara. A fito da shi haske na wasu sa'o'i. A tsoma ganye a tafasasshen ruwa don a kashe ƙwayoyin, aiki ya tsaya, tantani ya buɗe. A dafa shi cikin etanol don kulorofil ya fita, launi ya ganu. A ɗauraye da ruwan ɗumi don etanol ya sa shi ƙandarewa. A shimfiɗa, a ɗiga aidin. Inda akwai sitaci zai koma baƙi mai sirkin shuɗi, inda babu zai tsaya ruwan ƙasa.

Don Allah ku rubuta cewa kwalbar etanol cikin ruwan zafi ake tsayar da ita, kuma a kashe wuta tukuna. Na taɓa gani da idona wani ɗan ajinmu ya kara kwalbar kai tsaye a kan harshen wuta, ta kama nan take, Allah ne ya kiyaye fuskarsa. Wannan ba maki kawai ba ne.

Sauran gwaje-gwajen duk a kan wannan aka gina su. Ganye mai fari da kore yana nuna buƙatar kulorofil. Baƙar takarda a kan ganye tana nuna buƙatar haske. Ganye cikin kwalba mai fotasiyam haidiroksaid yana nuna buƙatar CO2, domin sinadarin yana shanye shi. A ɓangaren numfashi kuma, irin da ya fara tsira yana fitar da CO2 mai mai da tataccen ruwan farar ƙasa fari kamar alli, kuma a cikin fulas yana ɗaga ma'aunin zafi. Kada a manta da dafaffen iri na kwatance.

Sadiq_K:
Me ya sa ake wanke dafaffen irin da maganin kashe ƙwayoyin cuta? Ai ya riga ya mutu.

Ummi_Lab:
Shi ya mutu, amma bakteriya da fumfuna da za su hau kansa suna da rai, su ma numfashi suke yi. In ba a kashe su ba, zafinsu zai ɓata sakamakon. Duka fulas biyun ake yi wa haka.

Tsohon_Ɗalibi_77:
Ina so in koma kan maganar Bash cewa tarihi ba shi da amfani. Akwai tambaya ɗaya da nake yi wa ƙannena: nauyin ƙatuwar bishiya daga ina ya zo? Kusan kowa cewa yake daga ƙasa. Jan Baptist van Helmont ya gwada, an buga sakamakonsa a 1648 bayan rasuwarsa. Ya dasa 'yar bishiyar wilo mai kimanin kilo 2 a cikin busasshiyar ƙasa mai kimanin kilo 90, shekara 5 ruwa kawai yake ba ta. Bishiyar ta kai kimanin kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai cika giram 60 ba. Sai ya yanke cewa daga ruwa ne. Ya kusa, amma iska ta kuɓuce masa. Kabon ɗin da ke cikin itace daga CO2 yake, wanda bai wuce kashi 0.04 cikin 100 na iska ba. Ni har yau abin yana ba ni mamaki, a ce gungumen da mutum huɗu ba za su iya ɗagawa ba, mafi yawan busasshen nauyinsa ta 'yan ƙofofin ganye da ido ba ya gani ya shigo.

Daga nan Joseph Priestley a 1771 ya nuna reshen na'a-na'a yana gyara iskar da kyandir ya ɓata, Jan Ingenhousz a 1779 ya nuna sai da haske hakan ke faruwa. Kowane gwajin da Ummi ta lissafo jikan waɗannan ne.

Bash_Ɗalibi:
Labarin bishiyar ya shige ni, ba zan musa ba. Amma teburina yana nan, gyara kawai na yi masa.

Dr_Gobe:
Ka ƙara masa layi a ƙasa, Bash, na abin da suka yi tarayya a kai, don ana tambayar kamanni kamar yadda ake tambayar bambanci. Duka biyun suna da jerin miƙa elektiron a jikin tantani. Duka suna tara haidirojin a gefe ɗaya, kamar ruwa a bayan madatsa, sannan su bar shi ya kwararo ta cikin inzayim ɗin ATP sintes, wanda ke juyawa yana haɗa ATP. Peter Mitchell ya kawo wannan bayanin a 1961, aka daɗe ana ja da shi, a 1978 aka ba shi kyautar Nobel. Don haka, Hafsy, a bakin ƙofa kishiyoyi ne, a cikin gida kuwa injin iri ɗaya suke amfani da shi.

Hafsy_09:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na rufe littafi na rubuta abin da na gane, a duba mini. Matakin haske: a tailakoid, kulorofil ya sha haske, an fasa ruwa, an samu ATP da NADPH mai ɗaukar elektiron, oksijin ya fita. Matakin duhu: a sitiroma, wato ruwan cikin kulorofilas, da dare, inzayim ɗin rubisko ya haɗa CO2 da RuBP mai kabon 5, aka samu abu mai kabon 3 guda 2, aka yi amfani da ATP da NADPH aka mai da su sukari.

Malam_Bayoloji:
Kin yi ƙoƙari sosai, 'yata. Kuskure ɗaya ne, kuma daren nan ne ya sake dawowa. Sunan "matakin duhu" ne ke yaudarar mutane. Ana nufin ba ya amfani da haske kai tsaye, ba wai sai da dare ba. Da rana yake gudana, domin ATP da NADPH ɗin da yake ci ba a adana su da yawa, haske na ɗaukewa suke ƙarewa, kuma wasu inzayim ɗinsa ma sai da haske suke farkawa. Ki kira shi zagayen Calvin ki huta. Ki kuma ƙara cewa ana sake gina RuBP, in ba haka ba ba zagaye ba ne. CO2 3 suna cin ATP 9 da NADPH 6 kafin a fitar da sukari mai kabon 3 guda ɗaya.

Anti_Nas:
Yadda kika yi yanzu, haka za ki ci gaba: farar takarda, littafi a rufe, ki zana kulorofilas da maitokondiriya, ki sa kibiyoyi, sannan ki buɗe ki gyara da wani launin biro. Kwana uku ga wannan, kwana uku ga tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki, kwana biyu ga gwaje-gwaje da zanen giraf. Daren ƙarshe ki yi barci.

Zee_Lissafi:
Ni da zan fara da tsofaffin tambayoyin tun yau, Anti. Su ne ke nuna wa mutum inda raminsa yake. Hafsy ma ai gwaji ne ya tona mata nata.

Kuma tunda an ambaci giraf: in layin saurin fotosintesis ya hau tare da ƙarfin haske sannan ya miƙe, a wurin da ya miƙe ba haske ne ke riƙe shi ba, CO2 ne ko zafi. Na zafi kuma daban yake, hawa yake yi ya kai ƙololuwa ya faɗo, don inzayim sun lalace. Kada a rubuta "sun mutu", ba su da rai.

Sadiq_K:
Wannan "sun mutu" ɗin ya taɓa cinye mini maki ɗaya.

Hafsy_09:
Zan haɗa shawarar Anti da ta Zee, zane da safe, tambayoyi da yamma. Malamarmu ta yarda mu yi gwajin sitaci a ɗakin gwaje-gwaje ranar Alhamis, ni zan kawo tsiron. Yau Litinin. In sa shi a kabad yau da dare, ko gobe ya isa?

Ummi_Lab:
Sa shi gobe da safe, ki ba shi ruwa kafin ki rufe. Ranar Alhamis da sassafe ki tsinki ganye ɗaya ki ajiye a duhu, shi za ku fara gwadawa don ku tabbatar sitacin ya ƙare. Sannan ki manna baƙar takardar sama da ƙasan wani ganyen, ki fitar da tsiron rana, ku ba shi kamar awa huɗu zuwa shida kafin ku tsinka.

Bash_Ɗalibi:
In kin yi, ki turo mana hoton ganyen bayan an ɗiga aidin. Mu ba mu samu yin wannan gwajin ba, a littafi kawai na gan shi.